Ka ɗora Windows 11 manhajojinka sun ƙi buɗewa? Tsaya, kar ka yi fomat tukuna

Tun da Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025 mutane suke ta rububin komawa Windows 11, wasu da son ransu, wasu kuma wani abu ne ya fito a sikirin suka danna ba su ma karanta ba. To bayan an koma ne kuka yake farawa, Corel ya ƙi tashi, firinta ta yi gum, sikana ba ta gani, manhajar lissafin shago da ka shekara biyar kana aiki da ita ta buɗe ta rufe kanta ko sallama babu. In ka ɗauka ka kai wajen mai gyara kafin ka gama bayani ya ce maka sai an yi fomat. Ni kuwa shawarata fomat shi ne na ƙarshe, domin yawancin matsalolin nan wani ɗan ƙaramin abu ne ya ɓace ko direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa Windows da na'ura irin firinta, ce ta tsufa, kuma fomat ba ya dawo da su, hasali ma ƙara share wasu yake yi, ya haɗa da hanyar da za ka bi ka koma Windows 10 ɗinka.

Abu na farko, kwana goma gare ka

Lokacin da kwamfuta ta hau Windows 11 daga 10 ba ta jefar da tsohon nan take, tana ajiye shi a wata folda mai suna Windows.old a cikin C, kuma kwana goma kacal take riƙe maka shi. Cikin kwanakin nan in ka shiga Settings, System, Recovery za ka ga Go back, kana dannawa ka koma inda ka fito. Kwana goma na cika maɓallin zai dushe shikenan. Don haka kafin ka taɓa komai ka ƙara wa kanka wa'adi. Danna Start ka rubuta cmd, ka zaɓi Run as administrator, sai ka rubuta wannan:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Ya zama kwana sittin kenan, shi ne iyaka. Amma fa sai in kwana goman ba su riga sun wuce ba. Sannan dan Allah kar ka ga C ya cika ka ruga Disk Cleanup ko wata manhajar shara ka goge Previous Windows installation, shi ne Windows.old ɗin, mutane da yawa a nan suke yanke wa kansu hanyar komawa saboda neman fili na gig ashirin.

Sai ka kwafe muhimman fayilolinka a fulash ko hadis na waje. Ka kuma duba ko BitLocker a kunne yake, domin laftof da yawa suna kulle hadis da kansu in aka shiga da akawun ɗin Microsoft, mai ita bai ma sani ba. Wasu gyare-gyaren da za mu yi a ƙasa za su iya sa ta tambaye ka makulli mai lamba 48, in ba ka da shi ka shiga uku. Yana cikin akawun ɗinka na Microsoft a shafin na'urori, ka buɗe a waya ka rubuta shi a takarda.

Na ƙarshe a shiri, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta winver, ka ga wane zubi ne kake kai, 23H2 ne ko 24H2 ko 25H2. Wannan yana da amfani saboda 24H2 da ya fito ranar 1 ga Oktoba 2024 ya canza abubuwa da yawa a ƙasa, har ita Microsoft ɗin ta riƙe shi ga wasu kwamfutoci masu AutoCAD 2022 da tsohon Safe Exam Browser da wasu direbobin sauti na Intel sai da aka gyara.

Ka karanta abin da kwamfutar ta ce maka

Wannan shi ne inda aka fi yin sakaci. Akwati ya fito da rubutu, mutum ya danna OK da sauri, in ka tambaye shi me ta rubuta ya ce wai kawai ero ta nuna. Ɗauki hotonsa da waya. Rubutun nan shi ne rabin gyaran.

In kuma ba ta rubuta komai ba, kawai manhajar tana ƙiftawa ta ɓace, danna Windows da R ka rubuta:

perfmon /rel

Wani jadawali zai fito na kwanaki, duk ranar da wani abu ya faɗi za ka ga jan da'ira. Danna ranar, ka nemo sunan manhajar a ƙasa, ka buɗe View technical details, ka duba layin Faulting module ko Fault Module Name. Sunan fayil ɗin da ke wurin yana nuna maka inda za ka dosa. In ya fara da msvcr ko msvcp ko vcruntime matsalar Visual C++ ce. In ya fara da nv na katin hoto na Nvidia ne, ig na Intel, ati ko amd na AMD, wato direban hoto za ka bi. In clr.dll ne ko mscorwks.dll to .NET ne. In ntdll.dll ko KERNELBASE.dll ka gani wannan bai faɗi komai sosai ba, kusan kowace faɗuwa tana iya nuna su, sai ka bi matakan ɗaya bayan ɗaya.

Ƙananan abubuwan da suke ɓacewa

Manhajoji da yawa ba su cika su kaɗai ba, suna jingina da wasu ƙananan fayiloli na Microsoft da ake ɗorawa daban, kuma lambar da ke jikin sunan fayil ɗin tana faɗa maka shekarar da ake nema. MSVCR100.dll na Visual C++ 2010 ne, 110 na 2012, 120 na 2013, shi kuma MSVCP140.dll da VCRUNTIME140.dll na kunshin 2015 zuwa 2022 ne wanda aka haɗe wuri ɗaya. Ka je shafin Microsoft ka sauke wanda ya dace. Ga inda ake faɗawa rami: kowane kunshi iri biyu ne, x64 na 64-bit da x86 na 32-bit, mutum ya ce ai kwamfutata 64 ce sai ya ɗora x64 kaɗai, ya buɗe manhaja ta sake kawo ero iri ɗaya. Ba kwamfutar ake dubawa ba, manhajar ake dubawa, in ita 32 ce to x86 take nema ko da Windows ɗin 64 ne, kuma tsofaffin manhajoji kusan duk 32 ne. Ɗora duka biyun ka huta, ba sa faɗa da juna. Ero ɗin nan mai lamba 0xc000007b ma galibi daga wannan cakuɗar 32 da 64 yake.

Abin da ba zan taɓa ba ka shawara ba shi ne zuwa shafukan nan da ke raba DLL ɗaya-ɗaya ka sauke ka jefa a System32. Kamar sayen ƙwaya ne a hannun mai talla a tasha, wataƙila ta yi aiki, wataƙila kuma ba abin da aka rubuta a jiki ba ne ke ciki, kuma ko na gaskiya ne in ka sa na 64 a inda ake neman na 32 ka ƙara ɓata lamarin.

Sai .NET Framework 3.5. Windows 11 yana zuwa da 4.8 a ciki amma 3.5 a kashe yake, kuma manhajojin makarantu da na asibiti da na lissafin kaya da aka rubuta shekarun baya da yawansu shi suke so. Windows da R, rubuta optionalfeatures, ka sa alama a akwatin .NET Framework 3.5, OK, zai sauke daga intanet. In netwok ya hana ko ya kawo 0x800F081F, nemo fulash ko ISO, wato fayil ɗin ɗora Windows, na Windows 11 daidai da zubin da ke kan kwamfutarka, ka duba harafin da ya samu, misali D, sai a cmd na admin ka rubuta:

DISM /Online /Enable-Feature /FeatureName:NetFx3 /All /LimitAccess /Source:D:\sources\sxs

Ba ya cin data ko kaɗan. Amma lallai zubin ya zama ɗaya, in ka kawo fulash ɗin Windows 10 ba zai karɓa ba.

Masu gem kuma, in ya ce d3dx9_43.dll ko xinput1_3.dll babu, DirectX End-User Runtime na Yunin 2010 za ka ɗora, kar ka ce ai ina da DirectX 12, na 12 bai ƙunshi waɗannan tsofaffin fayilolin ba. Wasu gem ɗin na farkon shekarun 2000 kuma DirectPlay suke nema, yana cikin optionalfeatures ɗin nan a ƙarƙashin Legacy Components.

Yi wa manhajar ƙarya

Compatibility mode ba wani siddabaru ba ne, Windows ne yake ce wa manhajar ni Windows 7 ne, ita kuma ta yarda. Wasu tsofaffin manhajoji suna tambayar lambar Windows kafin su tashi, in suka ji lambar da ba su sani ba sai su ƙi. Yi rait-kilik a kan alamar manhajar, Properties, Compatibility, sa alama a Run this program in compatibility mode for, ka fara da Windows 8, in bai yi ba 7, in manhajar ta zamanin XP ce ka gwada XP Service Pack 3 in ya fito a jerin. A ƙasa kaɗan akwai Run this program as an administrator, shi ma ka gwada, saboda manhajojin da suna son rubuta fayil a cikin Program Files kuma yanzu ba a barin kowa ya yi hakan haka kawai. Ka riƙa canza abu ɗaya kana gwadawa, in ka kunna biyar lokaci guda ta tashi ba ka san wanne ya yi aikin ba.

In manhajar tana buɗewa amma rubutu ya yi ƙanana kamar tururuwa ko ya yi dishi-dishi ko maɓallai sun hau kan juna, a wannan shafin dai danna Change high DPI settings, sa alama a Override high DPI scaling behavior, ka gwada System ko System Enhanced.

Wani abu da ake mantawa, in fayil ɗin setup ne ya ƙi ɗoruwa, shi ma ana yi masa wannan saitin. Kuma sau da yawa manhajar da ta tsallako daga Windows 10 ta lalace a hanya, cire ta ka ristat ka sake ɗorawa ya wadatar. Sai dai kafin ka cire ka tabbatar kana da makullin lasisinta da kuma fayil ɗin bayananta, musamman ta lissafin kuɗi, ka yi bakof daga cikinta in tana buɗewa, in ba ta buɗewa ka kwafe foldarta ta ProgramData da AppData. Shi Office ba sai ka cire ba, Settings, Apps, Installed apps, Modify, akwai Quick Repair wanda ba ya buƙatar intanet, Online Repair kuwa sake saukewa yake yi gaba ɗaya, ka duba datarka kafin ka danna. Ka kuma sani Office 2016 da 2019 su ma an daina tallafa musu a ranar da aka daina wa Windows 10, suna aiki amma ba gyara.

Direbobi, inda aikin yake

Manhaja ana iya lallaɓa ta, direba ba ta jin lallashi, domin tana shiga can cikin zuciyar Windows ne kuma Windows 11 ya fi 10 tsaurin ido a nan. Rait-kilik a Start ka buɗe Device Manager. Duk abin da ke da alamar rawaya buɗe shi ka karanta lambar. Code 28 babu direba sam. Code 10 akwai amma na'urar ta ƙi tashi da ita. Code 43 na'urar ta kai ƙarar kanta, an fi ganinsa a katin hoto da USB. Code 52 Windows bai yarda da sa hannun direban ba. Code 39 sau da yawa wani tsaro na Windows mai suna Memory integrity ne ya tare ta.

In an rubuta Unknown device ba ka san ko mene ne ba, shiga Details, zaɓi Hardware Ids, za ka ga VEN da DEV da lambobi. 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 10DE Nvidia, 1002 AMD. Kwafi layin ka bincika zai faɗa maka sunan na'urar. Daga nan ka tafi shafin kamfanin laftof ɗin, HP ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar jikinta. In babu direban Windows 11 a jerin ɗauki na Windows 10 64-bit, mafi yawansu suna hawa lafiya lau. Manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya ni ba na son su, suna kawo direban da bai dace ba ga tarkacen talla.

Wani lokacin kuma sabuwar direbar ce matsalar, jiya sauti yana yi yau Windows Update ya canza ta ya ɗauke. A Properties, Driver, akwai Roll Back Driver. In ya dushe, Update driver, Browse my computer, Let me pick from a list, sau da yawa tsohuwar tana nan a jerin. Irin wannan yana damun masu kafe da ke aiki da na'urar ɗaukar yatsa ta DigitalPersona 4500, tana da direba iri biyu, ɗaya ta Windows Hello, wato buɗe kwamfuta da yatsa, ɗaya ta manhajojin rajista, Windows sai ya ɗora ta Hello, fitilar na'urar tana ci amma manhajar rajistar ta ce ba ta ga komai ba. Cire wadda Windows ya sa, ka sa alamar goge direban yayin cirewa, ka ɗora wadda ta zo da manhajar.

Yanzu Memory integrity. Yana Windows Security, Device security, Core isolation. Aikinsa hana direba mai rauni shiga, kuma in ka ga saƙon A driver cannot load on this device shi ne. Gyara na gaskiya shi ne samo sabuwar direba. In babu, kuma na'urar ita ce abincinka, kana iya kashe shi ka ristat, amma ka san ka rage tsaro, ban ce ka yi haka a kwamfutar da kake shiga banki da ita ba.

Masu gyaran waya irin na Farm Centre a Kano sun san wahalar direbobin MediaTek VCOM na fulashin, tsofaffin ba su da sa hannu. Hanyar ita ce Settings, System, Recovery, Advanced startup, Restart now, sai Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, in jerin ya fito ka danna 7. Kwamfutar za ta tashi ba ta duba sa hannu, ka ɗora direban a lokacin, kana sake ristat dokar ta dawo. A nan ne BitLocker yake iya tambayar makullin da na ce ka rubuta. Sannan kebul ɗin USB zuwa serial mai cif ɗin Prolific, in Device Manager ya rubuta maka PL2303HXA phased out since 2012, kamfanin ne ya daina tallafa wa cif ɗin, ana iya tilasta masa tsohuwar direba amma Windows Update zai yi ta mayar da sabuwa, sayen kebul mai cif ɗin FTDI ko CH340 ya fi sauƙin rai.

BIOS ma, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, yana cikin lissafi, in laftof tana shuɗin sikirin ko ba ta farkawa daga barci ka duba ko akwai sabo a shafin kamfanin. Sai batir ya cika kuma caja na jiki, kar ka fara shi kana dogaro da wutar NEPA kaɗai a kan desktof, in ta ɗauke a tsakiya babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard, ne zai tafi.

Firinta

Tsofaffin HP LaserJet irin su 1018 da 1020 da P1102 da suka cika shagunan buga takardu suna aiki a Windows 11, kawai sai an share tsohuwar direbar da ta maƙale. Zare kebul. Cire firintar a Settings, Bluetooth & devices, Printers & scanners. Windows da R, rubuta printui /s /t2, zaɓi direbanta, Remove, ka zaɓi cirewa har da kunshin. In ta ce ana amfani da ita, buɗe services.msc ka tsayar da Print Spooler, ka share duk abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, ka sake kunna shi ka gwada. Daga nan ka ɗora direban da ka sauke, sai ya ce ka jona kebul sannan ka jona. A wannan shafin na firintoci ka leƙa Windows protected print mode, in a kunne yake ka kashe, domin yana korar duk direban da ba na Windows ba, tsohuwar firinta ba za ta rayu da shi ba.

In firintar ko foldar a wata kwamfuta take ana rabawa ta netwok, 24H2 ya ƙara tsauri kan shiga ba da fasawod ba. Za ka ga bidiyoyi suna cewa kunna SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil ta netwok, kar ka yi, ta wannan ƙofar bairos ɗin WannaCry ya bi a 2017. Ka buɗe yuza mai fasawod a kwamfutar da ke riƙe da firintar, a ɗayar kuma ka shiga Credential Manager, Windows Credentials, ka ajiye sunan kwamfutar da yuzan da fasawod ɗin.

Rubutu ya zama alamar tambaya, ƙ da ɗ sun ɓace

Malamai da ɗalibai masu tsohuwar Maktaba Shamila, in ka buɗe ka ga alamomin tambaya ko wasu haruffa marasa kan gado maimakon Larabci, littattafanka ba su lalace ba. Windows da R, intl.cpl, Administrative, Change system locale, ka zaɓi Arabic na Saudiyya, ka tabbatar akwatin Beta na UTF-8 da ke ƙasa ba shi da alama, ka ristat. Wannan ba ya mayar da Windows ɗinka Larabci, tsofaffin manhajoji kaɗai yake shafa.

Masu tsofaffin takardun Hausa da aka buga da font irin Rabi'at kuma, in font ɗin babu a sabon Windows haruffa masu lanƙwasa za su koma wasu alamomi daban, sai ka dawo da shi. Wajen ɗorawa ka yi rait-kilik, Show more options, Install for all users, domin in Install kawai ka danna yana zuwa foldar yuza ne kuma tsohon Corel da ire-irensa ba sa leƙa can. Don sabon rubutu kuwa ƙara kibod ɗin Hausa a Time & language ya fi, abin da ka rubuta da shi kowace waya za ta karanta.

Abubuwan da aka cire gaba ɗaya

Internet Explorer babu shi a Windows 11. In na'urar kyamarar tsaro ta shagonka ko wani tsohon shafin ofis sai da shi yake buɗewa, shiga Edge, Settings, Default browser, ka ba da izinin Internet Explorer mode, ka sa adireshin shafin a jerin da ke wurin, ka rufe Edge ka buɗe. Bayan kwana talatin yana fita daga jerin sai ka sake sawa. WordPad an cire shi daga 24H2. Sannan Windows 11 ba shi da zubin 32-bit sam, manhajar 32 tana aiki amma ta 16-bit ta zamanin DOS ba za ta taɓa tashi ba ko me ka danna, haka direban 32-bit.

In har yanzu shiru

Duba ko tsaro ne ya kama ta. Windows Security, Virus & threat protection, Protection history, za ka ga ko an tsare wani fayil nata. Mu faɗa wa juna gaskiya, Corel da Photoshop da AutoCAD da ke yawo a fulash yawancinsu kirak ne, wato an fasa lasisinsu, kuma fayil ɗin kirak ɗin ne Defender yake ɗaukewa, wani lokacin da gaskiyarsa don akwai ɓarawon fasawod a ciki. Wannan ba rashin jituwa da Windows 11 ba ne, kuma ni ba zan ce ka kashe Defender saboda shi ba. In aikin bai fi ƙarfin Inkscape ko GIMP ko LibreOffice ba, kyauta suke. Ka leƙa Controlled folder access ma in manhaja tana buɗewa amma ta kasa sebin, da Smart App Control in sabon ɗori ne. Tsohuwar antibairos da ta tsallako daga Windows 10 ita ma tana haddasa faɗuwa, cire ta da manhajar cirewa ta kamfaninta. Kuma in manhaja ta ce ba ta ga fayilolinta ba, duba ko OneDrive ya kwashe Documents ya mayar cikin foldarsa.

Sai gyaran fayilolin Windows ɗin kansa, a cmd na admin, na farko ya gama kafin na biyu:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

sfc /scannow

Na farkon yana iya tsayawa a wajen kashi sittin da wani abu ya daɗe kamar ya mutu, ƙyale shi.

In kana zargin wata manhaja ce ke taka wata, buɗe msconfig, Services, sa alama a Hide all Microsoft services tukuna, wannan dole ne, sannan Disable all, ka kashe na Startup a Task Manager, ka ristat. In matsalar ta tafi sai ka riƙa kunna rabi kana gwadawa har ka kama mai laifin. In kuma abin ya fara ne bayan afdet na wata, Windows Update, Update history, Uninstall updates, cire na ƙarshe ka dakatar da afdet na ɗan lokaci, har sati biyar yana bari.

Wadda ta ƙi duk wannan

Akwai manhajar da ba za ta yi ba, sai a sama mata tsohon Windows a cikin sabon. VirtualBox kyauta ne, VMware Workstation Pro ma ya zama kyauta tun 2024, ka ɗora Windows 7 ko XP a ciki, ka rufe masa intanet, ka riƙa miƙa masa na'urar USB in tana buƙata. Da RAM gig huɗu za ka sha wahala, takwas ne ƙasa. Ta DOS kuma DOSBox.

Sannan ka duba ita kanta kwamfutar. Windows 11 a hukumance yana son cif ɗin tsaro TPM 2.0 da furosesar Intel ƙarni na takwas zuwa sama ko Ryzen 2000, alhali laftof na hannu da suka cika kasuwa irin EliteBook 840 G3 da Latitude E7470 da ThinkPad T460 ƙarni na shida ne, da manhajar haɗa fulash mai suna Rufus ake tsallake shingen a ɗora musu. Suna aiki, amma kamfanin bai yi musu direban 11 ba kuma babban afdet na shekara ba ya zuwa musu da kansa. In irin wannan ce gare ka kuma sana'arka ta tsaya, danna Go back tun wa'adin bai cika ba, ka jona caja, kar ka kashe ta a tsakiya, ka kuma tuna tsohon fasawod ɗinka na Windows 10 don shi za ta tambaya. Duk manhajar da ka ɗora bayan hawa 11 sai ka sake ɗora ta. Kana komawa ka shiga Windows Update ka nemi rajistar ESU, shirin da Microsoft ta buɗe na ci gaba da turo gyaran tsaro na ɗan lokaci, in har yana nan, sai kana kan 22H2 kuma da akawun ɗin Microsoft zai fito maka.